KANWA TA KAR TSAMI: YADDA AKE AUNA TSAMIN ABINCI DA ABIN SHA

Hausawa sukan ce, "Kanwa ta kar tsami, ƙwarnafi ya kwanta," in suna so su nuna magana ta ƙare. Daga madafa wannan karin magana ta fito. Kowace uwargida ta san in yakuwa ta cika tsami a miya, ɗan ruwan kanwa ko ruwan toka shi ne maganinta. Ta kuma san in hannu ya zarce, miyar ta ɓaci ke nan, sai ɗanɗanon kanwa. Tsakanin "bai isa ba" da "ya yi yawa" akwai wani ɗan wuri ƙanƙane inda kanwa ta yi daidai da tsami. Neman wannan wuri bisa awo, ɗigo bayan ɗigo, shi ne aikin da masana ilmin sinadarai ke kira taitireshan, watau awon ɗigo.

An shirya wannan darasi domin ɗaliban kimiyya, da malaman duba-gari, da ɗimbin jama'ar da ke cin abinci da sana'ar zoɓo da kunun aya da kindirmo, tun daga kasuwannin Wuse da Garki da Gwagwalada a Birnin Tarayya har sauran garuruwan ƙasa. Abin da ake so mai karatu ya riƙe shi ne, yawan tsami daban, ƙarfin tsami daban, kuma awo guda ɗaya yana iya bayyana su duka biyun.

ƘWARYA DA RUMBU

Abin da ke kawo tsami a baki wani jinsin sinadari ne da ake kira asid. Na cikin nono sunansa laktik, na lemun tsami sitrik, na tsamiya tartarik, na ruwan khal kuwa asetik. Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Suwidin, Carl Wilhelm Scheele, shi ya fara tace uku daga cikinsu: tartarik a 1769, laktik daga nono mai tsami a 1780, sitrik daga ruwan lemo a 1784. Dukansu a jikin tsirrai da dabbobi aka fara samunsu, bisa sinadarin kabon aka gina su, kuma dukansu masu rauni ne in an gwada su da ruwan batir.

Rauni a nan yana da ma'ana ta musamman. Kowace ƙwayar asid tana riƙe da wata 'yar ƙwayar haidurojin. In ta shiga ruwa takan saki wannan haidurojin, kuma sakakken haidurojin ɗin shi ne ke cizon harshe, shi ke cin ƙarfe, shi ke tsinka madara. Asid mai ƙarfi, kamar haidurokulorik wanda ke cikin tumbin mutum, da ya taɓa ruwa sai ƙwayoyinsa duka su saki nasu. Mai rauni kuwa ƙwayoyi kaɗan ne ke saki, sauran su riƙe. Masani Svante Arrhenius, shi ma ɗan Suwidin, shi ya bayyana wannan rabuwa a 1887.

Ana iya kwatanta al'amarin da magidanta biyu masu hatsi daidai wa daida. Na farko ya zube nasa duka a tsakar gida. Na biyu ya bar nasa a rumbu, ƙwarya guda kaɗai yake ɗebowa, in ta ƙare ya ɗebo wata. Baƙon da ya leƙa sai ya ce na farko ya fi arziki, alhali in an auna tiya-tiya duk ɗaya ne.

Ma'aunin da ke duba abin da ke cikin ƙwarya kaɗai shi ne pH, wanda Søren Sørensen ya ƙago a birnin Kofanhegan na ƙasar Denmak a 1909. Yana tafiya daga 0 zuwa 14. Tsarkakakken ruwa yana kan 7. Abin da ya gaza 7 mai tsami ne, abin da ya wuce 7 dangin kanwa ne. Kowane taki ɗaya kuwa ninki goma ne, watau abin sha mai pH 3 ya fi mai pH 4 sakakken haidurojin sau 10, ya fi mai pH 5 sau 100. Dangin kanwa su ne masana ke kira alkali, kalmar da ta samo asali daga sunan tokar tsirrai a Larabci. Kada a rikita ta da alƙali mai shari'a, ko da yake ita ma raba gardama take yi.

Ga misali da alƙaluma. Giram 9 na laktik da giram 3.65 na haidurokulorik yawan ƙwayoyinsu ɗaya ne. In aka narka kowanne a ruwa lita ɗaya, haidurokulorik zai nuna pH kusan 1, laktik kuwa 2.4, gama cikin kowace ƙwaya 100 ta laktik waɗanda suka saki ba su kai 4 ba. Amma in aka zo kashe tsaminsu, abin da wannan zai ci na alkali shi wancan zai ci, ba ragi ba ƙari.

KAYAN AIKI

Ba a amfani da kanwa a ɗakin gwaji, domin ƙarfinta ya danganta da inda aka haƙo ta, ta wannan kasuwa ba ta yin daidai da ta waccan. Soda ake amfani da ita, irin ta masu yin sabulu amma tatacciya, a narka giram 4 cikin ruwa har ya cika lita ɗaya. Ana zuba ruwan sodan a wani dogon bututun gilashi mai zanen awo da ɗan famfo a ƙasa, sunansa buret. Abin da za a auna yana cikin kwalba a ƙarƙashi, an tsoma masa na'urar pH. Irin wannan na'ura ma saboda lemo aka yi fice da ita: Arnold Beckman ya ƙera tasa a Kalifoniya ta Amurka a 1934, sa'ad da wani masani mai yi wa manoman lemo aiki ya nemi hanyar auna tsamin ruwan lemun tsami.

Sai a riƙa sakin soda kaɗan-kaɗan, ana motsawa, ana rubuta abin da na'ura ta nuna. Daga bisani a ɗauko takarda mai gidan dara, a jera yawan soda a kwance, pH a tsaye, a sa ɗigo-ɗigo, a haɗa su da layi. Wannan lanƙwasasshen layi shi ne zanen awo. Duk ɗalibin da ya zauna jarrabawar kimiyya ta WAEC ko NECO ya taɓa riƙe buret, sai dai galibi wurin sauyin launi kaɗai ake koya masa ya nema, alhali rabin labarin yana cikin hanyar da aka bi kafin a kai can.

Tilas a yi gargaɗi a nan. Soda tana ƙona fata, tana makantarwa, ba abin gwadawa a gida ba ce. Mai son ganin abin da idonsa ya jiƙa zoɓo ya tace, ya raba shi kofi biyu. Ya ɗiga ruwan kanwa a ɗaya, zai ga jan ya dushe ya koma duhu mai sirkin kore. Ya matsa lemun tsami a kai, zai ga kumfa ta taso, ja ya komo. Launin zoɓo da kansa ma'aunin tsami ne.

TAFIYAR LAYI

A ɗauki mililita 25 na ruwan laktik ɗin nan mai giram 9 a lita. Ga abin da na'ura za ta nuna:

Kafin a sa soda, pH 2.4
Bayan mililita 5, pH 3.3
Bayan mililita 12.5, pH 3.9
Bayan mililita 20, pH 4.5
Bayan mililita 24, pH 5.2
Bayan mililita 25, pH 8.3
Bayan mililita 26, pH 11.3

Mai karatu ya dubi tsakiyar jerin da kyau. Daga mililita 5 zuwa 20 an zuba soda har mililita 15, amma pH bai motsa fiye da taki ɗaya da ɗan kai ba. Dalili kuwa, duk sa'ad da soda ta cinye abin da ke ƙwarya, sai a ɗebo wani daga rumbu. Wannan shimfiɗaɗɗen wuri na layin shi ne yankin jimiri. Sa'an nan daga mililita 24 zuwa 26, soda mililita 2 tak, pH ya yi tsalle taki shida. Rumbu ya ƙare, ba mai tare soda kuma. Tsakiyar tsallen nan, a kan mililita 25, nan ne kanwa ta kar tsami. Daga yawan sodan da aka ci kafin a iso nan ake lissafa yawan asid.

Abin lura shi ne ba a kan 7 aka yi daidai ba, a kan 8.3 ne. Haka al'amarin yake ga kowane asid mai rauni, domin ƙwayar da aka ƙwace wa haidurojin ba ta haƙura, takan koma ta fizgi kaɗan daga ruwa, sai ruwan ya karkata wajen kanwa. Haidurokulorik da ire-irensa ne ke yin daidai a kan 7, kuma layinsu ba ya nuna lambar ƙarfi a tsakiya yadda na masu rauni ke yi.

Wannan yana da amfani ga wanda ba shi da na'ura, sai rini mai sauya launi. Rinin da ya dace da asid na abinci shi ne fenoftalin, wanda ba shi da launi cikin tsami, amma yakan koma ruwan hoda daga wajen pH 8.2. Akwai wani rini ruwan lemo, metil oranj, wanda makarantu suka saba da shi. Shi tsakanin 3.1 da 4.4 yake sauyawa. In aka yi kuskuren sa shi a wannan awo, zai gama sauya launi tun soda ba ta kai mililita 20 ba, mai awo ya rubuta sakamakon da ya gaza gaskiya da fiye da kashi ɗaya cikin biyar, yana ganin ya yi daidai.

LAMBAR DA KE RABIN HANYA

To, a koma kan mililita 12.5, watau rabin sodan da ake bukata. A wannan wuri rabin ƙwayoyin laktik sun saki haidurojin, rabi suna riƙe. Abin da na'ura ta nuna a nan, 3.9, ko kuwa 3.86 in an ƙididdige sosai, ba ya sauyawa ko an ninka yawan asid ɗin, ko daga nonon Paikon Kore aka tace shi, ko daga masana'anta a Turai. Lamba ce tsayayya wadda ta zama kamar tsagar gado a fuskar kowane asid. Masana suna rubuta ta pKa. Tana nuna yadda asid ke da saurin rabuwa da haidurojinsa, kuma gwargwadon ƙanƙantarta gwargwadon ƙarfinsa.

A zafin digiri 25, lambar asetik 4.76 ce, ta laktik 3.86, ta benzoyik 4.20. Saboda haka laktik ya fi asetik saurin saki wajen sau takwas. Waɗansu suna da haidurojin fiye da ɗaya da za su saki, kowanne da lambarsa. Tartarik na tsamiya yana da biyu, kusan 3.0 da 4.3. Sitrik yana da uku: 3.13 da 4.76 da 6.40. Sai a zaci zanen sitrik zai fito da matakala uku, amma lambobin sun yi kusa da juna, kafin na farko ya gama fita na biyu ya soma. Abin da ake gani doguwar gangara ce mai hawa a hankali, sa'an nan tsalle guda a ƙarshe. Shi ya sa masu haɗa lemon kwalba da magungunan sha suke son sitrik, jimirinsa yana da faɗi.

Dokar da ke haɗa pH da pKa, wadda ke ɗauke da sunayen Lawrence Henderson na Amurka da Karl Hasselbalch na Denmak, ba ta da wuyar riƙewa. In pH ya yi daidai da pKa, rabi da rabi ne. In pH ya yi ƙasa da taki ɗaya, ƙwayoyi 10 suna riƙe, 1 ta saki. In ya yi sama da taki ɗaya, 10 sun saki, 1 tana riƙe. Taki biyu, 100 da 1.

NONO DA RUWA

Mililita ɗaya na ruwan sodan nan yana kashe miligiram 9 na laktik. In giram 10 na kindirmo ya ci mililita 8, to akwai miligiram 72 ke nan, watau kashi 0.72 cikin ɗari. Ƙa'idar abinci ta duniya, Kodes, wadda hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya suka kafa a 1963, ta ce yogot kada ya gaza kashi 0.6. Sabuwar madara tana kan pH 6.6 ko 6.7, kuma in ƙwayoyin halitta masu yin laktik suka saukar da ita zuwa 4.6 sai ta kama ta yi kauri.

A ce an tsarma wannan kindirmo da ruwa, rabi da rabi. Na'urar pH da ƙyar za ta nuna wani bambanci, gama kindirmo yana cikin yankin jimiri, ƙwarya tana sake cika daga rumbu. Buret kuwa ba a ruɗinsa, maimakon mililita 8 sai a ga 4. Malamin duba-gari da ya dogara ga pH kaɗai zai wuce algus bai gani ba. Ga kuma haɗarin ruwan da aka ƙara, wanda ba a san rijiyar da ya fito ba.

ZOƁO YA KARƁA, KUNUN AYA YA ƘI

Inda wannan ilmi ya fi shafar lafiyar jama'a shi ne wajen maganin hana lalacewa. Wanda aka fi sani shi ne sodiyam benzowet, farin gari wanda in ya shiga abin sha mai tsami yakan koma asid benzoyik. Ƙwayar benzoyik da ke riƙe da haidurojinta ita kaɗai ke iya ratsa fatar yis da fumfuna. In ta shiga ciki sai ta sake shi a can, ta tsamar da cikin ƙwayar cutar har ta kasa hayayyafa. Wadda ta riga ta saki a waje ba ta iya shiga, zaman banza take yi cikin kwalba.

Da yake lambar benzoyik 4.20 ce, lissafin a fili yake. A pH 3.2, kashi 91 cikin ɗari na maganin yana aiki. A 4.2, rabi. A 5.2, kashi 9. A 6.2, kashi 1. Zoɓon da ba a taɓa tsaminsa ba yana ƙasa da 4, saboda haka ɗan kaɗan ya ishe shi. Sabon kunun aya da madarar waken soya kuwa sukan wuce 6. A pH 6.5, ƙwaya ɗaya ce cikin 200 ke aiki. Mai sana'ar da ta ga maganin ya yi mata rana a zoɓo, ta zuba shi a kunun aya, za ta tarar kunun ya kumbura roba kamar ba a sa kome ba. In ta ƙara hannu don ta rama, sai ta wuce iyakar doka, ta ɗura wa masu saye sinadari, kunun kuma bai tsira ba. Maganin kunun aya shi ne ruwa mai tsabta, da sanyi tun daga tacewa har sayarwa, da yin gwargwadon abin da zai ƙare a yini, balle a watannin Maris da Afrilu sa'ad da zafin Gwagwalada da Kwali da Abaji ke wuce digiri 35.

Haka nan mai zoɓon da ta sa kanwa don ta rage tsami ta yi tsimin sukari, ta sani ta ɗaga pH, ta karya ƙarfin maganin da ta saya da kuɗinta. Akwai kuma wata iyaka da masu cika abinci a gwangwani ko kwalba ba su wasa da ita, watau pH 4.6. Ƙasa da nan ƙwayar cutar botulinam, mai dafin da ke shanye jiki, ba ta iya tsiro. Sama da nan sai an dafa abin da tururi mai matsi kafin a amince da shi.

Batun benzoyik ya taɓa kai wa gaban shari'a. A farkon 2017 wata Babbar Kotu ta Jihar Legas ta yanke hukunci a kan ƙarar wani ɗan kasuwa wanda hukumomin Ingila suka tsare lemon kwalbar da ya kai can daga Nijeriya, bisa cewa benzoyik ɗin ciki ya wuce iyakarsu. Kotu ta umarci hukumar NAFDAC ta sa a rubuta gargaɗi a jikin kwalaben kada a sha su tare da bitamin C. A watan Maris na wannan shekara Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ba da sanarwa daga Abuja, ta ce iyakar Nijeriya miligiram 250 ce a kilo ɗaya, ta Ingila 150, kuma zafin ƙasa na cikin dalilan bambancin, gama abin sha ya fi saurin lalacewa a ƙasashe masu zafi.

Asalin damuwar kuwa shi ne, bitamin C shi ma asid ne, sunansa askobik. In ya haɗu da benzoyik cikin kwalba, ga zafi, ga hasken rana, ga ɓurɓushin tagulla ko ƙarfe a ruwa, ana iya samun ɗan abin da ba a rasa ba na benzin, sinadarin da aka tabbatar yana jawo sankarar jini ga masu daɗewa suna shaƙarsa ko shansa. Saboda haka ba daidai ba ne a jibge akwatunan lemo a rana a bakin shago yini guda, kuma mai haɗa zoɓo da ta sa benzowet ta guji ƙara masa garin bitamin C.

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, hedkwatarta tana Wuse a Abuja, ita ke rajistar abinci da abin sha na kwalba da leda. Hukumar SON, wadda aka kafa a 1971, ita ke tsara iyakokin. Mai ƙaramar sana'a ba ya bukatar buret a gidansa. Takardar gwajin pH, wadda ake tsomawa a gwada launinta da jadawali, ana samunta a shagunan kayan kimiyya, kuma ta isa ta nuna ko abin sha yana ƙasa da 4 ko yana sama da 6. Cikakken awo kuwa aikin ɗakin gwaji ne, irin na sashen ilmin sinadarai na Jami'ar Abuja da sauran jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha na jihohi. Samfurin da za a kai ya kasance na ranar, cikin kwalba mai tsabta, a rufe, a cikin ƙanƙara, a kuma rubuta a jikinsa ranar da aka yi shi da nauyin duk abin da aka zuba a ciki.